Kai-da-kai, ratsi, ko a karkace: yadda za ki zaɓi hanyar haɗa bargon faci

Duk wanda ya taɓa zama ya haɗa guntayen atamfa ya san ɗinka gidaje, wato ƙananan sukwaya da ake haɗawa da guntayen, ɗaya bayan ɗaya shi ne wajen daɗin, kina zaɓar kala kina cewa wannan jan zai shiga da wancan ruwan goron, kafin ki ankara gidaje sun cika leda. Inda mutane ke tsayawa cak shi ne ranar da za a haɗa gidajen nan su zama fuskar bargo guda ɗaya, a sa mata boda, wato yadin da ke zagaye bakinta, ta kwanta lamɓas a kan gado. A nan ne aikin wata da watanni yake fitowa ko ya lalace, kuma wallahi abin yana min ciwo in ga gidaje masu kyau an haɗa su da gaggawa bargo ya fito a karkace, baki yana kaɗawa. Maza teloli ku ma ku matso, don ƙyallayen da kuke sharewa daga shago duk yamma da su ake wannan aikin.

Hanyoyin da aka fi bi uku ne. Ko ki manna gida jikin gida kai-da-kai, ko ki raba su da siririn yadi wato ratsi, ko kuma ki juya su su tsaya a kan kusurwa layukan su tafi a karkace. Ni dai in gaya miki tun yanzu, ga mai aiki da atamfa ratsi na fi so nesa ba kusa ba, amma akwai lokacin da sauran biyun suka fi shi kuma zan faɗa.

Don lissafi ya fito fili bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Gida mai inci 12 in an gama, wato kafin a haɗa shi inci 12½ ne tunda ɗinki zai ci kwata inci ta kowane gefe. Katifa mai ƙafa 6 da 6, inci 72 kenan, sai muna so bargon ya sauko inci 10 ta gefuna, ya zama 92 gaba ɗaya. Ki sa tef ki auna taki katifar dai, wasu sun ɗan ɗara a tsawo kuma kauri ma ya bambanta.

Kafin ma a zo zaɓe, ki fito da gidajen duka ki goge ki auna kowanne. Wannan awon shi zai faɗa miki hanyar da za ki bi, fiye da abin da ranki ke so. Mu da muka saba ɗinkin kaya hannunmu ya saba barin rabin inci ko fiye a bakin ɗinki saboda a samu na buɗawa in kaya sun matse, to a faci ba haka ba ne, kwata inci ne cif kuma dole ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In kekenki Butterfly ne ko tsohon Singer da ba shi da ƙafa ta musamman, ki auna kwata inci daga allura ki manna salatif a kan farantin ya zama shi ne layin da bakin yadi zai riƙa bi. Ga gwaji mai sauƙi: ki yanka ƙyalle uku masu faɗin inci 1½ ki haɗa su, na tsakiyar ya kamata ya fito inci 1 daidai, duka ukun kuma 3½. In bai fito haka ba ki matsar da salatif ɗin ki sake.

To kai-da-kai. Ita ce ta fi saurin fahimta kuma ba ta buƙatar ki sayi komai, gidajenki kawai, ki jera su layi-layi ki haɗa. Amma ita ta fi cin gidaje, don ki rufe inci 72 sai kin ɗinka 36, shida sau shida. Kyawunta na gaske shi ne in zanen gidan irin wanda yake haɗuwa da na maƙwabcinsa ne ya haifi wani sabon zane babba. Misali gidan da Amurkawa ke kira Log Cabin, wanda ya yi tashe a can tun wajajen shekarun 1860, ɗan sukwaya a tsakiya ana zagaye shi da sirara, rabin gidan haske rabi duhu. In kin jera irinsa kai-da-kai kina jujjuya su sai ki ga manyan da'irori masu kusurwa ko layuka a karkace sun ratsa bargon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kina sa ratsi a tsakani kin kashe wannan abin gaba ɗaya. Don haka in gidajenki irin wannan ne kar ma ki tsaya dogon tunani, kai-da-kai za ki yi.

Matsalarta ba ta yafiya. Kowane layin ɗinki na cikin gida sai ya haɗu da ɗan'uwansa na gidan kusa, kuma ido yana kama wanda ya goce ko da kaɗan ne. In kowane gida ya gaza da ⅛ na inci, a layi mai gida shida kin rasa ¾ na inci, layi na gaba kuma wataƙila shi ya cika, sai ki zo haɗa su ɗaya ya fi ɗaya tsawo ki fara ja da ƙarfi, ja kuwa shi ke kawo tattara. Sannan wajen da kusurwa huɗu ko takwas suka taru yadi yana yin tudu, allura ta riƙa tsalle ko ta karye. Maganinsa guga, layi na ɗaya ki kwantar da bakin ɗinkinsa dama, na biyu hagu, na uku dama, in kin zo haɗawa sai su sarƙe da juna har ki ji su da ɗan yatsa sun zauna, ki sa fil a nan. Abu na ƙarshe kuma shi ne ya fi damuna, atamfa tana da surutu. Manyan furanni, tsuntsaye, fanka, kaloli huɗu biyar a zani ɗaya, in kin manna gida 36 na atamfa daban-daban babu wani fili a tsakani ido ba ya samun wajen sauka, wahalar da kika sha wajen yanka ƙananan alwatika duk ta ɓace a cikin hayaniya.

Shi ya sa nake cewa ratsi. Dubi lissafin: gida biyar sau biyar, 25 kenan, sun ba ki inci 60, sai ratsi mai faɗin inci 2 guda shida, huɗu a tsakani biyu a bakin waje, inci 12, jimla 72 cif. Kin ga kin huta da ɗinka gida 11 kuma girman bai ragu ba. Ga mai yin na sayarwa ko mai haɗa wa amarya kayan ɗaki lokaci ya ƙure, gida 11 ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ratsi yana raba faɗa, layin cikin wannan gida ba sai ya haɗu da na wancan ba tunda akwai inci 2 a tsakaninsu, ɗan bambancin ⅛ yana shigewa ba wanda zai gani. Kowane gida kuma ya fito shi kaɗai a san da shi, wannan ragowar ankon bikin wance ne, wancan zanin goyon wane ne.

Shi kansa ratsin iri biyu ne kuma a nan ake yawan ruɗewa. Akwai wanda za ki sa gajeru tsakanin gidaje ki gama layi, sai ki kawo dogon ratsi guda ɗaya mai inci 72 ki shimfiɗa tsakanin layi da layi. Akwai kuma wanda duka ratsin gajeru ne, a kowace mahaɗa ki sa ɗan ƙaramin sukwaya na wata kala. A ido na farkon ya fi sauƙi, ɗinki kaɗan ne, amma yana da tarko: babu abin da zai nuna miki inda gidan ƙasa ya kamata ya tsaya, sai ki gama ki ɗaga bargon ki ga layukan tsaye sun yi tafiyar maciji, na sama yana nan na ƙasa ya goce da rabin inci. In shi za ki yi, bayan kin ɗinka dogon ratsin a jikin layin sama ki ɗauki alli da rula ki ja alamar kowane ɗinki ta ƙetare ratsin zuwa ɗaya bakin, sai ki sa fil daidai kan alamun lokacin haɗa layin ƙasa. Mai ƙananan sukwaya kuwa shi da kansa yake daidaita ki, kowace mahaɗa alama ce, ba yadda za a yi layi ya gudu. Guntayensa sun fi yawa kam, a misalinmu ratsi 60 masu inci 2½ da 12½, da sukwaya 36 masu inci 2½ ta kowane gefe, amma ɗinki ne miƙaƙƙe da za ki riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da kin yanke zare ba, kuma ni a ganina ga mai koyo ma shi ya fi, saboda yana hana kuskuren da ba a ganewa sai an gama.

Yadin ratsi fa sai an saya, wannan shi ne kuɗin da hanyar take ci. Guda 60 ɗin nan suna cin wajen inci 50 na yadi mai faɗin inci 44, yadi ɗaya da rabi zai isa da ƙyar, ki sayi biyu ki huta tunda zai ɗan shige in an wanke. Wajen yankawa ga dabara: maimakon ki yanka sirara masu inci 2½ daga baki zuwa baki, ki yanka manya huɗu masu inci 12½ sannan ki daddatsa su inci 2½-2½, kowanne zai ba ki 16 ko 17. Yadin da za ki ci ɗaya ne, amma ta haka tsawon ratsin yana bin tsawon yadin, kuma yadi ta tsawonsa ba ya miƙewa kamar ta faɗinsa, ki ja da hannu ki gani. Ratsin da ba ya miƙewa shi ke riƙe gida ya zauna a inci 12 ɗinsa.

Kala kuma, in kin shiga Kantin Kwari ko kasuwar garinku ki tafi da gida biyu uku a jaka, ki ɗora su a kan bandir ɗin ki ja baya ki kalla, kar ki saya da ka. Yadi mara zane na auduga zalla, nauyinsa kusa da na atamfar. Baƙi da shuɗi mai duhu suna sa kalolin atamfa su yi tsalle su fito, ruwan toka yana kwantar da su, fari da ruwan madara suna da kyau ranar farko amma ki tuna ƙurar hunturu da yara masu hawa gado, ki kuma tuna atamfa mai zuba. Ja ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata farin ratsi duka a wankin farko, shi ya sa ake wanke komai kafin a yanka, a jiƙa ja da shuɗi daban a ga ruwan. Mai santsi irin na roba da ake yin shafi da shi kar ki kusance shi, yana zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke kuma ba ya jure zafin dutsen guga. Bakin ɗinki duka ki kwantar da shi ya fuskanci ratsin tunda shi ba shi da tudu, kuma guga a nan dannawa ake a ɗaga, ba a jan dutse gaba da baya, musamman na gawayi mai nauyi in an ɗauke wuta.

In kuma kin auna kin ga bambancin gidajen ya wuce kwata inci, wani 12 wani 12¾, to ratsi ma ba zai ɓoye ba. Kar ki zubar, kar kuma ki datse manyan har ki cinye kan alwatikansu. Ki zagaye kowane gida da siriri ta gefe huɗu sannan ki datse su duka su zama girma ɗaya, a ce inci 15, wani firam ɗinsa ya ɗan fi na wani faɗi amma in kala ɗaya ce ido ba ya lura. Ba kuma dole ne komai ya zama na rula ba. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, da tsofaffin wandunan aiki da ragowar riguna suke nasu, in wani ɓangare ya gaza su ƙara masa ƙyalle su ci gaba, layukansu ba su miƙe ba, amma a 2002 aka baje barguna nasu a gidan adana kayan fasaha na Houston daga nan aka kai su New York, duniya ta tsaya kallo. Sai dai su karkatar tasu ta fito daga ido da gwaninta, bargon yana kwanciya, ba irin karkatar da ke zuwa daga jan yadi ba.

Ta uku, a karkace. Gaskiya in ana maganar kyau zalla ita ce sarauniya, gida mafi sauƙi in kin juya shi ya tsaya a kan kusurwa sai ya zama kamar wani sabon abu. Kuma gida yana ƙara faɗi, domin daga kusurwa zuwa kusurwa tsawon gefe ne sau 1.414, gida mai inci 12 ya koma kusan 17. Huɗu a jere sun ba ki kusan inci 68. Kar wannan ya ruɗe ki ki ce gida 16 kawai, akwai guda 9 da ke shiga tsakankaninsu, 25 kenan daidai da na ratsi, sai dai waɗannan 9 ɗin kina iya barinsu sukwaya na yadi guda ba faci, ko ki yanko manyan furannin wata atamfa ki sa su a nan su fito ɗungurungum, to a haka gida 16 kawai za ki ɗinka, ita ce ta fi kowace ƙarancin faci.

Wahalarta tana bakin. Tunda gidajen a karkace suke, gefen bargon yana fitowa haƙora-haƙora sai an cike da alwatika, 12 na gefe da 4 na kusurwa, kuma yadda aka yanka su shi ne komai. Yadi in an yanka shi a bayas, wato a karkace ba ta tsawo ko ta faɗi ba, yana miƙewa sosai, to ba a so bayas ya kasance a bakin waje. Na gefen ana yanka babban sukwaya a raba shi huɗu daga kusurwa zuwa kusurwa, girmansa inci 12 sau 1.414 a ƙara 1¼, wato 18¼, guda uku sun ba ki 12 ɗin. Na kusurwa kuma sukwaya mai inci 9⅜ guda biyu, kowanne a raba shi biyu sau ɗaya. In kika musanya, kika yanka na gefen ta hanyar raba biyu, dogon gefensu zai zama bayas, bakin bargon gaba ɗaya ya riƙa ƙaruwa duk lokacin da kika taɓa shi. Ni nakan ce a ƙara rabin inci a kan waɗannan lambobin a datse daga baya, rara tana gyaruwa, gaza ba ta gyaruwa. Sannan layukan ba tsawonsu ɗaya ba, na farko gida 1, na biyu 3, sai 5, sai 7, sai 5 kuma a sauko, dole ki samu fili a tsakar ɗaki ki shimfiɗa su duka ki ɗauki hoto da waya kafin ki fara, in ba haka ba sai alwatika ta juya baya ba ki sani ba. Wadda wannan ne bargonta na farko ban ba ta shawarar ta fara da wannan ba, ta bari sai na biyu ko na uku, ko ta gwada a rigar filo tukuna. Haka in atamfarki mai zanen da ke da sama da ƙasa ce, tsuntsu ko rubutu, ki sani zai kwanta a gicciye.

Yanzu boda, wadda mutane ke ɗauka abin wasa ce alhali ita ta fi lalata bargo. Abin da aka saba yi shi ne a yanko dogon yadi a ɗora a baki a taka keke har ƙarshe a datse rarar. Kar ki yi haka don Allah. Bakin bargo galibi ya fi tsakiyarsa tsawo saboda ɗinkunan bakin suna ɗan buɗewa da ɗagawa da ajiyewa, in kin bi shi yadda yake kin cusa wa bodar yadin da ya wuce kima, ta fito tana kaɗawa kamar gindin siket mai tattara, kuma babu gugar da za ta kwantar da ita. Ki shimfiɗa bargon a ƙasa ba ja, ki auna ta tsakiya, ki ƙara aunawa a wuri biyu hagu da dama nesa da baki, ki ɗauki matsakaicin, ki yanka boda biyu a kan wannan awon daidai wa daida. Ki ninka bodar biyu ki sa alama, ki sake ninkawa, haka bargon ma, ki haɗa tsakiya da tsakiya, kwata da kwata, ƙarshe da ƙarshe da fil. Wanda ya ɗan fi tsawo a cikinsu shi za ki sa a ƙasa ta wajen haƙoran keke, su suna jan na ƙasa fiye da na sama kaɗan, rarar sai ta shige ba tattara. Bargon ne zai bi bodar ya dawo sukwaya.

Kusurwar bodar kuma zaɓi uku ne. Mafi sauƙi ki sa na gefe biyu tukuna masu inci 72½, ki goge, ki sake aunawa ta tsakiya, ki sa na sama da ƙasa masu 92½ su haye kansu. Ga yadi mara zane ko mai ƙananan zane wannan ya wadatar kuma shi nake yi mafi yawan lokaci. Boda mai inci 10 ana yanka ta 10½, huɗu sun ci inci 42, kin ga za su fita daga faɗin atamfa ɗaya in kin yanka ta tsawo, yadi uku wato rabin turmi mai yadi shida ya ishe ki har da rara, babu haɗi a tsakiya kuma ba ta miƙewa. Ki yanke bakin masaƙar nan mai rubutun kamfani ki ajiye shi gefe, ya fi sauran yadin tauri kuma yana tsukewa daban in ya sha ruwa.

Na biyu ki sa sukwaya a kowace kusurwa. Wannan shi ne salon da aka san mutanen Amish, wata al'ummar Kiristoci, na yankin Lancaster a jihar Pensilbeniya ta Amurka da shi, boda mai faɗi ta yadi mara zane da manyan sukwaya na wata kala a kusurwa huɗu, abin gwanin kwarjini. Amfaninsa a wajenmu bodar huɗu duka tsawonsu ɗaya, 72½, ba ki buƙatar mai 92½, kuma in gida huɗu sun rage miki kina iya yin su daidai faɗin bodar su zauna a nan. Ki lura dai, yadi biyu inci 72 ne, ya gaza da rabin inci, ki sayi biyu da kwata. In kin yi ratsi mai ƙananan sukwaya wannan bodar ita ta fi dacewa da shi tunda maganarsu ɗaya.

Na uku haɗin kusurwa a karkace irin na firam ɗin hoto. Ya fi cin yadi, kowace boda sai ta kai 92 da ƙarin inci huɗu ko biyar na aiki, kuma ana tsayar da ɗinki kwata inci kafin ƙarshe ta kowane gefe sannan a ninka bargon a karkace a ja layi a ɗinka daga ciki zuwa waje. Kan yadi mara zane wahalar banza ce, ba mai gani. Amma in kin samu atamfa mai layi-layi, ko irin mai zane na musamman da ke bin bakinta, to nan kam ya cancanta, domin layukan za su zagayo kusurwa su haɗu ba yankewa, da haɗin farko kuwa layin gefe zai je ya yi karo da na sama ya tsaya. Ki fara da ɗinki mai tazara mai sauƙin warwarewa ki buɗe ki duba kafin ki datse rarar, almakashi ba ya dawowa.

Akwai masu son bodar ma ta zama faci, alwatika ko ƙananan sukwaya a jere. Kyau kam ba magana, bargon da wata mata Jane Stickle ta gama a 1863 a jihar Vermont ta Amurka, wanda yake gidan tarihi na Bennington, gida 169 ne da alwatika 52 zagaye da shi, ta rubuta a jikinsa cewa guntaye 5602 ne. Sai dai irin wannan boda ba ta datsuwa, dole tsakiyar ta rabu daidai da girman guntayen. In guntun inci 4 ne, 72 ta ba ki 18 cif, to in bayan haɗawa tsakiyar ta fito 71½ fa? Sai ki sa siririyar boda ta ciki ta cike, inci 2¼ ta kowane gefe ta kai ki 76, guntu 19 kenan. Don haka ba a yanka siririyar nan sai an gama bodar facin an auna duka biyun. Ga mai atamfa ma dai ni ina ganin in tsakiya ta cika da zane a bar bodar ta huta, siririya mai duhu inci 1½ ko 2 a ciki sannan mai faɗi a waje ya isa.

Da kin gama sa boda ki zagaye bakin duka da ɗinki ɗaya, ⅛ na inci daga baki, don kada haɗe-haɗen su fara warwarewa ko bakin ya miƙe kafin ki samu lokacin sa masa ciki da baya, musamman in bodar faci ce ko babu boda sam. Ki juya bayan ki tsince zarurrukan da ke lilo, baƙin zare yana nunawa ta cikin yadi mai haske. Yadin baya da fayibar ciki ki yanka su su ɗara fuskar da inci 4 ta kowane gefe, bargo mai 92 yana son baya mai 100, tunda suna tsukewa lokacin da ake bin su da ɗinki, kamar dai yadda masu ɗinka lifidin dawakin hawan sallah suka sani tun kaka da kakanni. In ba ranar za ki ci gaba ba kar ki rataye fuskar a igiya ko ƙusa, nauyinta zai ja ta, ki ninka ta sama-sama ko ki naɗe ta ki ajiye a inda ba danshi.